Gwanjo Da Garau-Garau: Yadda Baƙo Zai Tattala Kuɗinsa A Kano

Kaka ta yi, amfanin gona ya shigo gida, sanyi kuma yana tafe. A irin wannan lokaci ne magidanta da yawa suke sayar da buhu ɗaya ko biyu, su nufi Kano don sayo wa iyali sutura da bargo. Wasu kuma 'yan ci-rani ne, za su yi watanni a birni. Dukkansu abu biyu ne yake cinye musu kuɗi, watau tufafi da abinci. Wanda bai san gari ba yakan koma gida aljihu wayam, kayan da ya saya kuma ba su kai rabin abin da ya yi niyya ba.

Daga ina gwanjo yake zuwa?

Gwanjo tufafi ne da mutanen Turai da Amurka da wasu ƙasashen Asiya suka sa suka ajiye. Kamfanoni suke tarawa, su ware riguna daban, wanduna daban, barguna daban, sannan su matse su cikin dila. Dila ɗaya takan kai kilo 45 ko 55. Dokar kwastan ta Nijeriya ta hana shigo da gwanjo, saboda haka yawancinsa ta Kwatano da Lome yake biyowa. Da kuɗin waje ake sayo shi. Shi ya sa tun shekarar 2023, da aka cire tallafin man fetur, darajar naira kuma ta faɗi, gwanjo ya yi tsada ƙwarai. Duk da haka har yanzu ya fi sabo sauƙi, kuma sau da yawa ya fi sabon roba-roba ƙarko.

Babbar cibiyar gwanjo a Kano ita ce kasuwar Ƙofar Wambai. A nan ake kwance dila. Amma ba dole ne sai ka shiga tsakiyar birni ba. 'Yan kiri suna saro kaya daga can su baza a bakin titi a unguwannin gefen gari. Wanda ya biyo hanyar Katsina zai same su a Bachirawa da Rijiyar Lemo da Kurna. Na hanyar Zariya zai gan su a Na'ibawa da Unguwa Uku. Na hanyar Wudil yana da Mariri da Hotoro, na Haɗeja yana da Yankaba, na Gwarzo kuma Rijiyar Zaki da Kabuga.

To, wanne ya fi? Lissafi ne. Idan kayan yara biyar da bargo biyu za ka saya, gara ka biya kuɗin Adaidaita Sahu ka je Wambai, don can ne tushe. Idan kuwa rigar sanyi ɗaya ce, kuɗin mota zuwa da dawowa zai cinye rangwamen da za ka samu. Saya a inda ka sauka.

Yadda ake zaɓe

Idan aka kwance dila, kayan ba ɗaya ba ne. Masu kyau ake fara tsincewa, a rataye su, a sa musu kuɗi mai yawa. Saura a zube su a kan tabarma ko leda. Mai ƙaramin ƙarfi kada ya raina na ƙasa. A cikin tarin nan akwai kayan kirki, sai dai suna son haƙuri da tsugunno.

Duk rigar da ka ɗauka, ɗaga ta sama ka duba ta a hasken rana. Huda ko wurin da ya sille zai nuna. Juya cikinta waje ka duba ɗinkin hammata da na wuya. Ja zif sama da ƙasa. Ƙirga maɓallai. Sa hannu cikin aljihu. Maɓallin da ya faɗi ba matsala ba ne, uwargida za ta maye shi da wani, kuma dalili ne na neman ragi. Amma tabon mai ko na fenti ba ya fita, bar musu abinsu. Kada ka sayi gwanjo da dare a ƙarƙashin fitila. Hasken fitila yana ɓoye aibu, gari na wayewa sai ka ga abin da ka kwaso.

Ga inda karatun yaƙi da jahilci yake da rana. A wuyan riga akwai 'yar takarda mai harafi. S na nufin ƙarama, M matsakaiciya, L babba, XL kuma babba ƙwarai. Idan ka ga an rubuta 100% Cotton, auduga ce zalla, ba ta riƙe zafi, ta dace da aikin gona. A kayan yara kuma sau da yawa shekarun yaro ake rubutawa, kamar 5-6. Amma ka tuna awon 'ya'yan Turawa ne. Abin da ya fi tabbas shi ne tun daga gida ka auna tsawon kowane yaro da zare, ka auna ƙafarsa da karan dawa, ka tafi da su. Ka ƙara ɗan tsawo, yaro girma yake yi.

Kamfai da rigar mama da safa, a ganina, a sayi sababbi ko da masu araha ne. Abin da ya manne wa jikin wanda ba ka sani ba bai cancanci 'yan kuɗin da za ka rage ba.

Wajen ciniki kada ka nuna zumuɗi. Zagaya wuri uku ka ji farashi kafin ka taya. A misali, in mai kaya ya ce N6,000, fara daga N3,000. Zai ce albarka. Ƙara kaɗan-kaɗan. In bai sallama ba, yi gaba, sau da yawa shi zai kira ka. Haɗa kaya da yawa a wurin mutum ɗaya ya fi jawo ragi. Ka guji wanda zai tare ka a bakin kasuwa ya ce zai raka ka wurin ɗan'uwansa, don ladansa a cikin kuɗinka za a cire. Raba kuɗinka gida biyu, kada ka fito da su gaba ɗaya, saboda 'yan sane.

Maganar ciki

Abincin da ake sayarwa a cikin tasha da bakin babban titi ya fi tsada, don baƙi ake jira. Shiga lungun da yake baya. Duba inda 'yan dako da leburori da direbobin Adaidaita suke cincirindo, nan ne wurinka. Su kullum suke ci, ba za su yarda da tsada ko ƙaramin awo ba. Kuma tukunyar da ake rububi ba ta kwana.

Da safe koko da ƙosai ko waina sun fi shayi da burodi da ƙwai sauƙi nesa ba kusa ba. Da rana a nemi garau-garau, watau shinkafa da wake da mai da yaji, ko ɗanwake. Duk abincin da yake da wake yana riƙe ciki har yamma. Akwai gurasa da ƙuli, akwai awara, wadda ake yi da waken suya, tana gina jiki kamar nama amma kuɗinta bai kama ƙafar na nama ba. Da dare tuwo da miyar kuka. Nama ne yake ninka kuɗin kwano, saboda haka ka faɗa tun farko cewa ban da nama. Ka tambayi kuɗi kafin a zuba, ba bayan ka cinye ba. Wanda zai kwana biyu ya taho da gari da ƙuli-ƙuli da yajinsa daga gida.

Ka ci abin da aka sauke da zafinsa a gabanka. Wanda ya huce, yana buɗe, ƙuda na bi, ka bar shi ko kyauta ne. Latas da kabeji da ake yankawa a kan garau-garau ba dafa su ake yi ba, in ba ka ga an wanke su da ruwa mai tsabta ba ka ce a bari. Ta irin wannan hanya amai da gudawa yake kama mutum, kuɗin asibiti kuma ya fi na bargo. Wanke hannu da sabulu, ba cikin kwanon da mutum goma suka tsoma nasu ba. Ruwan leda kuma ka duba ko akwai lambar hukumar NAFDAC a jikinsa.

Idan Allah ya kai ka gida lafiya, yara za su so su sa kayan nan take. Hana su. Warin da kake ji a jikin gwanjo na maganin da aka fesa ne kafin a ɗaure dila, yana sa wasu ƙaiƙayi. Bayan haka kayan sun bi hannu da yawa, ana iya ɗaukar ƙazuwa ko makero. A jiƙa su cikin ruwan zafi da sabulu, a wanke, a shanya a rana mai ƙarfi, sannan a goge da dutsen guga. Bargo ya fi son rana biyu a kan igiya, ana juya shi, a kuma duba gefen ɗinkinsa saboda kuɗin cizo kafin a shigar da shi ɗaki.