Duwatsun Tuntuɓe Daga Goyo Zuwa Furfura

Yau za mu bi rayuwar mutum daga goyo har furfura, mu ga duwatsun tuntuɓen da suke hana shi ci gaba. Ku lura da wannan tun daga farko: dutsen da ba a kawar ba a ƙuruciya yakan bi mutum har tsufansa.

Mu fara da jariri. Masana lafiya sun nuna cewa kwana 1,000 na farko, wato daga ɗaukar ciki har yaro ya cika shekara 2, su ne harsashin jiki da ƙwaƙwalwa. In abinci mai gina jiki ya kasa a wannan lokaci, yaro yakan tsumbure, gyaransa kuwa da wuya. Shi ya sa ake ce wa uwaye su ba jariri nono zalla har wata 6, ko ruwa kada a ƙara. Ga kuma zazzaɓin cizon sauro. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da shi a duniya suna Nijeriya, yawancin waɗanda yake kashewa kuwa ba su kai shekara 5 ba. Amma wannan dutse yana ɗaguwa. Kamaru ta soma yi wa yara rigakafinsa a Janairu 2024, Nijeriya kuma ta soma a Disamba 2024 a jihohin Kebbi da Bayelsa.

Yaron da ya tsira sai makaranta. A 2004 Nijeriya ta yi doka cewa karatun shekara 9 na farko kyauta ne, dole ne kuma. Duk da haka miliyoyin yara suna waje. Wani kuɗin littafi ne ya hana shi, wani kiwo, wata talla. Tun da aka sace 'yan mata 276 a Chibok a 2014, tsoro ma ya shiga cikin lissafin iyaye.

Yarinyar da aka cire daga aji, aure ne yake jiranta. A Jamhuriyar Nijar, wajen uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin su kai shekara 18. In ciki ya zo ƙugu bai gama girma ba, naƙuda takan yi tsawo, jariri ya mutu, ita kuma a bar ta da yoyon fitsari. Ana yin aikin gyara wannan ciwo a asibitin Evangel a Jos da Babbar Ruga a Katsina, amma rigakafi ya fi magani.

Saurayi fa? Da takarda ko ba takarda, in ba aiki, zuciya takan mutu. Waɗansu sun faɗa shaye-shaye, har gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a 2018. Waɗansu sun bi hanyar Agadas zuwa Libiya, da yawa hamada ta cinye su.

Magidanci da uwargida su kuma nasu dutsen ciwo ne. Yawancin kuɗin asibiti daga aljihu yake fita. Ciwo ɗaya yakan ci akuya, ya ci hatsin rumbu, wani lokaci har gona. Saboda tsoron kuɗin ne mace mai naƙuda takan daɗe a gida har lokaci ya ƙure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu wajen ciki da haihuwa a duniya 'yan Nijeriya ne.

Sai tsufa. Manomi da 'yar kasuwa ba su da fansho, 'ya'yansu ne fanshonsu. To, in 'ya'yan nan ba su yi karatu ba, ba su da sana'a, wa zai riƙe tsohon? Gwauruwa kuwa sau da yawa dangin miji sukan ƙwace mata gona da ɗaki. In tsohuwa ta fara ruɗewa saboda shekaru, sai a ce mayya ce. A Gambaga, a arewacin Gana, akwai zangon da tsofaffin mata suke fakewa bayan an kore su da wannan zargi.

'Yan'uwa, kun ga yadda dutse ɗaya yake tura wani. Kun kuma ga cewa jariri ba ya iya rataya wa kansa gidan sauro, yarinya ba ta iya biyan kuɗin littafinta, tsohuwa ba ta iya kāre kanta a gaban dangi. Na kusa da su ne za su yi, mu ke nan. Zumuntar mata za ta iya raka mai ciki awo. Mai sana'a ya ɗauki saurayi ɗaya ya koya masa. Dattawa su tsaya wa gwauruwa ranar rabon gado. Kowa ya duba gidansa da na maƙwabcinsa a wannan mako, ya ga dutsen da hannunsa zai iya ɗagawa.

Allah ya taimake mu. Ku huta lafiya.