Kowane Tsuntsu Kukan Gidansu Yake Yi

Da asubahin farkon damina a Ruwan Godiya, ta ƙasar Faskari, kafin manomi ya saɓa fartanya, itatuwan bakin gona sun riga sun kaure da muryoyi. Bahaushe ba ya cewa tsuntsu na waƙa, kuka yake cewa. Kanari kuka, suda mai labari ma kuka. Ba na hawaye ba ne, na isar da saƙo ne, shi ya sa aka ce kukan kurciya jawabi ne, mai hankali ke ganewa.

Masana halittu kuwa sun ware wani babban dangi, sama da iri 4,000, suka kira su tsuntsaye mawaƙa, kuma ba zaƙin murya suka duba ba. Muryar tsuntsu daga ƙirji take tasowa, daidai inda maƙogwaro ya rabu biyu ya nufi huhu, kuma 'yan wannan dangi sun fi kowa iya sarrafa tsokokin wurin. Da wannan ma'auni hankaka, mai da ɗan wani naka, ya shiga sahun mawaƙa duk da kaushin muryarsa, kurciya kuwa aka bar ta a waje.

Dubi kanari, wanda ake ratayewa cikin kejin kara a ƙofar shago. Bai cika tafin hannu ba, ƙirji rawaya, baya kore-kore. In ya ɗaga kai ya fara rerawa, sai ka ga gashin wuyansa na karkarwa. Sunan baƙo ne, daga tsibiran Kanari na ƙasar Sifaniya, da ke teku daura da Maroko, amma tsuntsun ɗan dajinmu ne. Namijin ne gwanin rerawa, don neman mace da shata iyakar gidansa.

Kurciya da kukanta ake ƙyanƙyashe ta. Ɗan kanari kuwa sai ya saurari ubansa da maƙwabta, ya yi ta gwalan-gwalan kamar yaro mai koyon magana, kafin bakinsa ya faɗa. Ashe da magabata suka ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, abin da kunnensu ya jiye musu suka faɗa.

Don haka mu ja kunnen yaranmu masu yawo da danƙo a lokacin sheƙa. Wanda ya harbo uban, ya raba 'ya'yan da malaminsu.