Harshe, Hanci da Ƙwaƙwalwa: Abin da Ɗanɗanon Jan Giyar Inabi Ya Koya wa Masana

A ƙasar Faransa akwai mutanen da sana'arsu ke nan su ɗanɗana giyar inabi, su yanke hukunci a kan darajarta. Maganarsu takan ɗaga kuɗin kwalba ko ta karya shi. Tun a 1855 aka jera manyan gonakin inabi na yankin Bordo bisa daraja biyar, kuma har yanzu ana aiki da wannan jeri. Abin tambaya ga ɗalibin kimiyya shi ne, mene ne ainihin abin da maɗanɗani yake ji, kuma yaya girman amincin hukuncinsa?

Da farko dai, ruwan yawancin inabi ba shi da launi. Jan launin daga ɓawon yake fitowa. Ana matse 'ya'yan a bar su tare da ɓawonsu, sai ƙwayoyin yisti su ci sukarin da ke ciki, su mai da shi barasa da iskar kabon. A wannan lokaci ɓawon yakan saki sinadarai iri biyu. Na farko shi ne antosayanin, dangin sinadarin da ke ba zoɓo launinsa. Na biyu shi ne tanin, wanda ake samu a goro da ganyen shayi, kuma shi ne ke cikin bagaruwar da majema suke jima da ita. Tanin yakan kama furotin na miyau ya dunƙule shi, sai santsin baki ya ragu. Wannan shi ne bauri, wato ji ne irin na taɓawa.

Harshe kuwa abu biyar kawai yake rarrabewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da ɗanɗano irin na romon nama. Sauran aikin na hanci ne. Idan abin sha yana baki, ƙamshinsa yakan bi ta bayan maƙogwaro ya hau zuwa hanci, inda ɗan Adam yake da na'urorin karɓar wari kimanin iri 400. Linda Buck da Richard Axel ne suka gano asalin waɗannan na'urori a 1991, aka ba su kyautar Nobel a 2004. Wannan ne dalilin da ya sa mai mura yakan ji abinci salam.

To, amma saƙon harshe da na hanci sai sun isa ƙwaƙwalwa kafin a yi hukunci, ita kuwa tana da abin da ta riga ta sa rai. A 1976 wani ɗan kasuwa Baturen Ingila, Steven Spurrier, ya tara ƙwararrun Faransa a birnin Paris, aka ɓoye musu sunayen kwalabe. Jan giyar da ta zo ta ɗaya daga Kalifoniya ta fito, ta kayar da fitattun Bordo. A 2001 masu bincike a Jami'ar Bordo suka rina farar giya da jan launi marar wari, suka ba ɗalibai 54 masu nazarin giya. Ɗaliban suka siffanta ƙamshinta da kalmomin da ake siffanta jan giya da su. Bugu da ƙari, a 2008 wani bincike a Kalifoniya ya ba mutane giya iri ɗaya, aka ce musu wannan ta dala 10 ce, waccan ta dala 90. Suka fi yaba mai tsadar, kuma na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ta nuna sashen jin daɗi ya fi motsawa. Ashe ba ƙarya suka yi ba. Kuɗin da aka faɗa musu ya sauya abin da suka ji.

Akwai kuma wani zato da ya bazu a farkon shekarun 1990, cewa jan giya tana kare zuciya. Binciken baya bai tabbatar da shi ba. Tun a 1988 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa barasa cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu adadin da za a sha a ce babu hatsari, komai tsadar kwalbar.

Malami yana iya nuna wannan darasi a aji ba tare da wani kashe kuɗi ba. A zuba zoɓo ɗaya a kofi biyu, a ce wa ɗalibai ɗaya daga babban kanti aka sayo shi, ɗayan kuma daga bakin titi, sannan a ƙidaya zaɓinsu. Saboda irin wannan rauni na ɗan Adam ne masu gwajin sabon magani suke ɓoye wa majiyyaci da likita wanda aka ba maganin gaske da wanda aka ba na wofi, har sai an gama ƙidaya sakamako.