Shin waya za ta iya auna daɓen ɗaki kafin a shimfiɗa tayil?

Masu bibiyar TikTok da YouTube sun saba ganin bidiyon magina a Ingila ko Jamus suna kwarara wani siminti mai ruwa-ruwa a kan bututai, ya bazu da kansa har ɗaki ya yi lebur. Wannan aikin ɗumama ɗaki ne ta ƙarƙashin daɓe. Dabarar ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa: gadon ƙasa da ake hura wa wuta a ƙarƙashi don mai jego ko tsofaffi lokacin hunturu, tunanin ɗaya ne. Mutanen Koriya ma suna da irin nasu tun da daɗewa, suna kiran shi ondol.

Yadda ake haɗa shi

Ana fara shimfiɗa allunan kumfa masu tare zafi don kada ɗumi ya tsere cikin ƙasa. A kansu ake jera bututan ruwan ɗumi ko wayoyin lantarki, sannan a rufe da siminti, a ɗora tayil. Kuskuren da ke jawo asara shi ne ɗora allunan a kan daɓe mai tudu da kwari. Allon da ke kan rami yana lotsawa idan aka taka, simintin da ke kansa ya tsage, tayil ya fashe. Shi ya sa ake daidaita daɓen farko tun kafin a ɗora komai.

A Kutemeshi da sauran ƙauyukan Birnin Gwari bututun ɗumi ba shi ne abin nema ba. Amma tun da aka yi sulhu aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a watan Nuwamban 2024, mai son gyara ɗakin da ya daɗe ba kulawa zai tarar da wannan matsala: daɓen da damina ta zaizaye, ko wanda gara da ɓera suka rarake. Siminti kuwa ba arha ba, ga kuɗin mota.

Abin da waya ke iya yi

Kusan kowace babbar waya tana da wata 'yar na'ura, akselaromita, mai gane inda nauyi ke ja. Ita ce ke juya hoto idan an kwantar da waya. A iPhone ma'aunin lebur yana cikin manhajar Measure, a Android kuma akwai irinsa da yawa kyauta a Play Store.

Sai dai akwai lissafin da ya kamata a riƙe. Karkatar digiri 1 tana nufin gangarar kusan milimita 17 a kowace mita. A ɗaki mai tsawon mita 4, wannan kusan santimita 7 ke nan. Manhajar da ba ta nuna ɓarin digiri za ta iya cewa 0 alhali ɗakin ya gangara da santimita 2 ko 3. Masu tayil kuwa a Ingila ba sa son ramin da ya wuce milimita 3 a ƙarƙashin ma'auni mai mita 2.

Yadda za a auna

1. A cire rigar wayar. Tudun kyamara yana karkatar da ita, don haka a tsayar da ita a gefen da babu maɓalli.
2. A samo miƙaƙƙen ƙarfe ko katako mai mita 2, a ɗora wayar a kansa. Ita kaɗai ta yi gajarta, tafin hannu ɗaya kawai take aunawa.
3. A karanta, a juya wayar kai ya koma ƙafa a wuri guda, a sake karantawa. Idan amsoshin sun bambanta, gaskiya tana tsakiyarsu.
4. A haska fitilar wata waya ta bayan katakon. Duk inda haske ya ɓullo akwai kwari, sai a zagaye shi da alli ko gawayi.

Inda tiyo ya fi waya

Daga kusurwa zuwa kusurwa, siririn tiyo mai ruwa da birkiloli ke amfani da shi ya fi kowace manhaja, domin ruwa a bakin nan da bakin can tsayinsa ɗaya. Da shi za a ja layi a bango zagaye da ɗakin, a riƙa aunawa daga layin zuwa ƙasa. A tabbata dai babu kumfar iska a ciki.

Bayan awo, a sassaƙe tudu, a share ƙura, a jiƙa wurin, a cike kwari da siminti da yashi. Simintin nan mai bazuwa da kansa na ƙananan ramuka ne, kuma ba a zuba shi a kan turɓaya. Banɗaki kuwa da gangan ake ba shi 'yar gangara zuwa magudana, don haka idan waya ta nuna 0 a can, sai a kira birkila ya gyara kafin tayil ya hau.