Inda Kuɗin Magidanci Ke Tafiya a Birtaniya

Tun daga shekarar 1957 gwamnatin Birtaniya take zaɓen dubban gidaje kowace shekara, tana roƙon mazaunansu su rubuta duk abin da suka kashe cikin mako biyu, tun daga kuɗin burodi har zuwa na haya. Da waɗannan alƙaluma ne ake auna yadda zaman jama'a yake sakewa.

A 1957, watau shekara uku bayan an daina rabon abinci da kati wanda yaƙin duniya na biyu ya haddasa, matsakaicin gida yana kashe fam 14 da sule 6 a mako. A 2006 abin ya kai wajen fam 456. To, amma kada mai karatu ya ruɗu da wannan tazara. Da farko dai sai an cire tsadar kaya, domin fam bai riƙe darajarsa ba. A 1975 kaɗai farashi ya hau da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Na biyu kuma sai an raba kuɗin bisa yawan mutanen gida, gama gidaje sun ƙanƙance. A 1961 akan sami kimanin mutum uku a gida guda, a 2006 kuwa lissafin bai kai biyu da rabi ba. Bayan an yi duk wannan, sai aka tarar abin da mutum ɗaya ke iya saye ya ninka fiye da sau biyu.

Abin lura shi ne inda kuɗin ke tafiya. A 1957 abinci ne ke cin kashi 33 cikin 100 na kuɗin gida, amma a 2006 ya koma kashi 15. Tufafi da takalma sun sauko daga kashi 10 zuwa 5, taba kuma daga 6 zuwa 1. A ɗaya gefen, kuɗin muhalli ya tashi daga kashi 9 zuwa 19, na mota da sufuri daga 8 zuwa 16.

Wannan bai zo wa masana da mamaki ba. Tun a 1857 wani Bajamushe masanin ƙididdiga, Ernst Engel, ya bincika cefanen ma'aikata a Beljiyam, ya nuna cewa gwargwadon ƙaruwar samun iyali, gwargwadon raguwar kason da abinci ke ci. Dalili kuwa a fili yake: ciki yana da iyaka, buƙata ba ta da shi.

Sai dai tafiyar ba ta miƙe ba. Bayan rikicin bankuna na 2008 ƙaruwar ta yi sanyi ƙwarai, a 2020 annobar korona ta sa ciniki ya faɗi warwas, sannan a watan Oktoba na 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 11.1 cikin 100, abin da ba a gani ba cikin shekara 41. Talakawa ne suka fi jin jiki, domin abinci da kuɗin wuta da gas su ne ke cinye babban rabo na ɗan abin da suke samu.

Saboda haka matsakaicin lissafi yakan ɓoye wanda ke baya. A kowace ƙasa mai karatu yake zaune, in yana son sanin halin da gida ke ciki, ya duba kashi nawa na samunsa ke shiga tukunya, nawa kuma ke saura bayan an biya mai gidan haya.