Karatun Adabin Turanci a Kwalejin Al'umma a Amurka

A ƙasar Amurka, ba kowane ɗalibi ne yake wucewa jami'a kai tsaye bayan ya gama sakandare ba. Da yawa sukan fara da wata makaranta da ake kira kwalejin al'umma. Karatun wannan kwaleji na shekara biyu ne. Idan ɗalibi ya gama, yana iya komawa jami'a ya ƙara shekara biyu, sannan ya karɓi digirinsa na farko. A wannan darasi za mu ga yadda mai son adabin Turanci yake bin wannan hanya, da kuma abin da yake sa wasu su yi hasara a kanta.

Asalin kwalejin

Kwalejin gwamnati irin wannan da ta fi kowace daɗewa tana garin Joliet, kusa da birnin Shikago. An buɗe ta a shekarar 1901 da ɗalibai shida kacal. A shekarar 1947, wani kwamiti da Shugaba Harry Truman ya kafa ya ba da shawara a yawaita irin waɗannan makarantu, domin ilimi mai zurfi ya kai ga kowa. A yau akwai kimanin 1,000 a ƙasar. Jihar Kalifoniya kaɗai tana da 116.

Me ya sa ake zaɓenta?

Dalili na farko shi ne sauƙin kuɗi. A zangon karatu na 2023 zuwa 2024, matsakaicin kuɗin makaranta na shekara guda a kwalejin al'umma ya kusan dala 4,000. A jami'ar gwamnati kuwa ya haura dala 11,000 ga ɗan jiha. Baƙin da suka zo daga ƙasashen waje sukan biya fiye da haka. Dalili na biyu, yawancin kwalejojin suna karɓar duk wanda ya gama sakandare. Na uku, suna kusa da gida, kuma akwai azuzuwan yamma saboda ma'aikata da masu iyali. Bugu da ƙari, azuzuwan ba su cika yawan mutane ba, saboda haka malami yakan sami damar duba rubutun kowane ɗalibi a tsanake.

Abin da ake karantawa

Ɗalibin adabi yakan fara ne da darasin rubutu. A nan ake koya masa yadda zai faɗi ra'ayinsa a kan littafi, ya kuma kawo hujja daga cikin littafin. Bayan haka sai ya shiga darussan da suke bin tarihin adabi daki-daki. A adabin Ingila akan fara da tsohuwar waƙar nan mai suna Beowulf, a zo kan Geoffrey Chaucer da William Shakespeare da John Milton, har a kai ga marubutan zamani. A adabin Amurka akan karanta irin su Mark Twain da Emily Dickinson da Toni Morrison. A darasin adabin duniya kuwa, sau da yawa ɗalibi yakan ci karo da Things Fall Apart na Chinua Achebe, wanda ya fito a 1958.

Amma ba adabi kaɗai yake yi ba. Dole ne ya ɗauki lissafi da kimiyya da tarihi, domin tsarin Amurka yana son ɗalibi ya san wani abu a kowane fanni kafin ya ƙware a guda.

Komawa jami'a

Kowane darasi yana da nauyi, kuma ana auna nauyin da abin da ake kira kiredit. Wannan kiredit ba irin na jarrabawar WAEC ba ne. Ya danganta ne da yawan sa'o'in da ake yi a aji kowane mako. Yawancin darussa kiredit 3 ne. Ɗalibi yakan tara kimanin 60 a kwaleji ya sami ƙaramin digiri. Digirin jami'a kuwa yana bukatar kimanin 120. Ke nan idan jami'a ta amince da duk abin da ya kawo, ya riga ya ci rabin tafiya.

To, a nan gizo yake saƙa. Jami'a ba ta karɓar kowane darasi. Wani lokaci takan ce darasin bai yi daidai da nata ba. Wani lokaci kuma takan karɓe shi, amma ta ƙi lissafa shi cikin darussan sashen Turanci. Sai ɗalibi ya maimaita abin da ya riga ya ci, ya sake biyan kuɗi. A shekarar 2017, ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya kiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun rasa kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu.

Don magance wannan, kwalejoji da jami'o'i sukan ƙulla yarjejeniya a rubuce, su bayyana darasin da zai maye gurbin wani. Kalifoniya ta yi doka a 2010 wadda ta samar da ƙaramin digiri na musamman don masu komawa jami'a. Wanda ya same shi yana da tabbacin gurbi a ɗaya daga cikin rassan Jami'ar Jihar Kalifoniya, ko da yake ba lallai ne ya sami reshen da ya fi so ba. Saboda haka ɗalibi mai hankali yakan zaɓi jami'ar da yake so tun a zangonsa na farko. Sannan ya je wurin mai ba ɗalibai shawara kafin ya yi rajistar kowane darasi. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Wasu da suka bi hanyar

Marubuciya Amy Tan ta yi karatu a kwalejin birnin San Jose, sannan ta koma jami'ar jiha da take wannan birni, inda ta karanta Turanci da kimiyyar harshe. Littafinta The Joy Luck Club ya fito a 1989, ya kuma yi suna a duniya. Gwendolyn Brooks kuwa ta gama irin wannan kwaleji a Shikago a 1936. A 1950 ta ci kyautar Pulitzer saboda rubutattun waƙoƙinta, kuma ita ce baƙar fata ta farko da ta ci wannan kyauta.

Mu ma a Nijeriya muna da abin da ya yi kama da wannan. Mai takardar NCE yana iya neman shiga jami'a ta hannun hukumar JAMB, ya fara daga aji biyu. A can da nan, shekarun farko ba sa tafiya a banza idan ɗalibi ya san inda ya dosa, ya kuma bincika sharuɗɗan jami'ar tun da wuri.

Ma'anar kalmomi

kacal: kawai, babu ƙari
a tsanake: a natse, ba da gaggawa ba
daki-daki: ɗaya bayan ɗaya, bisa tsari
gurbi: wurin da aka tanada don wani
nan gizo yake saƙa: nan matsalar take

Tambayoyi

1. Shekara nawa ake yi a kwalejin al'umma?
2. Kawo dalilai uku da suke sa ɗalibai su zaɓe ta.
3. Me ake koya a darasin rubutu?
4. Ta yaya ɗalibi yake yin hasara idan ya koma jami'a?
5. Bayyana ma'anar karin maganar "matambayi ba ya ɓata".