Hoton Babban Hanji da Na'urar CT: Ina Haɗarin Yake?

Sankarar babban hanji ba ta cika zuwa farat ɗaya ba. Galibi takan soma ne da ɗan tsiro a bangon hanji, wanda kan ɗauki shekaru kafin ya rikiɗe ya zama ciwon daji. Shi ya sa likitoci ke farautar tsiron tun yana ƙarami. Hanyar da aka saba ita ce kolonoskofi, wato a zura doguwar roba mai kyamara ta dubura a leƙa hanjin. A 1994 wani likitan Amurka, David Vining, ya nuna wata hanyar: a ɗauki hotunan ciki da na'urar CT, kwamfuta ta harhaɗa su har likita ya ga kamar yana tafiya a cikin hanjin. Wannan ita ce kolonogirafi.

Da an ambaci CT, hankalin mai karatu kan tafi ga hasken eksire. Tsoron yana da tushe, domin hasken yana iya lalata ƙwayoyin halitta, kuma saboda haka ba a yi wa mai juna biyu wannan gwaji. Amma abin da mutum ke sha a nan bai wuce abin da ƙasa da sararin sama ke ba shi cikin 'yan shekaru ba, ga shi kuma masu yin gwajin galibi sun manyanta. A ganina, haɗarin da ya fi cancanta a tsaya a kansa yana wani wurin.

Hanji a yamutse yake, kamar buhun da ba a zuba komai ba, kuma tsiro kan ɓuya a cikin yamutsewar. Dole a hura shi kafin a ɗauki hoto. Ana sa ɗan siririn bututu a dubura a tura iska har bangon ya miƙe. To, duk ɗalibin da ya taɓa hura balan-balan ya san inda ta fi rauni nan take fashewa. Hujewar hanji ita ce matsala mafi muni a wannan gwaji, domin ƙazanta na iya malala cikin ciki ta jawo kumburi mai bukatar tiyata. Sai dai ba ta cika aukuwa ba. Wani binciken Birtaniya da aka buga a 2006 ya bi gwaje-gwaje sama da 17,000, ya samu hujewa 9 kacal. Wasu ma ba su ji komai ba, na'urar ce ta hango iskar da ta tsere.

Abin lura shi ne waɗanda abin ya fi samu: masu hanjin da ciwo ya riga ya raunana. Akwai wanda sankara ta toshe masa hanya, iska ta rasa inda za ta bi; akwai mai kumburin hanji da ke tashe; akwai mai gwaiwar da hanji ya gangaro cikinta; akwai kuma wanda aka yanko masa tsoka daga hanji kwanan nan. Ashe ke nan tambayoyin da likita ke yi kafin gwaji su ne rabin kariyar. Ɗaya rabin shi ne amfani da iskar kabon dayoksaid ta injin da ke auna matsi, maimakon hura iskar ɗaki da hannu. Bangon hanji yana tsotse ta da sauri, a fitar da ita ta numfashi, sai ciwon ciki ya ragu.

Wankin cikin da ake yi kwana ɗaya kafin gwaji ma ba abin rainawa ba ne. Maganin yana sa zawo sosai, kuma tsoho ko mai ciwon ƙoda ko na zuciya na iya rasa ruwa da gishirin jiki. Allurar Buscopan da ake yi don hanji ya saki kan sa gani ya dushe na ɗan lokaci, bugun zuciya ya ƙaru.

Sannan na'urar ba hanji kaɗai take gani ba. Takan hango wani abu a ƙoda ko hanta. Wani lokaci wannan ya ceci rai, amma sau da yawa abin ba ciwo ba ne, sai dai ya jawo fargaba da ƙarin gwaji da kashe kuɗi.

Ba a bukatar allurar barci, kuma mutum kan koma gida da ƙafarsa. Amma fa hoto gani kawai yake yi, ba ya cirewa. Babban binciken Amurka na 2008 ya nuna yana kama kusan kashi 90 cikin 100 na masu tsiron da ya kai milimita 10. Ƙanana da shimfiɗaɗɗu kan kuɓuce masa. In kuwa ya kama, sai an koma ga kolonoskofi a yanke tsiron.